Raƙumin Dawa Jinsi Huɗu Ne: Yadda Binciken Ƙwayoyin Gado Ya Sauya Lissafi

A ranar 21 ga watan Agustan 2025, kwamitin ƙwararru kan raƙumin dawa da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ya sanar da cewa daga yanzu an daina lissafa raƙumin dawa a matsayin jinsi ɗaya. Jinsi huɗu ne: na arewa, da mai zanen raga, da na Masai, da na kudu. Wanda ya ji labarin a rediyo zai iya cewa wannan ai gardamar masana ce, ko ɗaya ne ko goma, dabbar dai tana nan da dogon wuyanta tana cin ganye. Amma hukuncin yana da nauyi. Da shi ake sanin wace dabba ce ke gab da ƙarewa, da inda za a tura kuɗi da ma'aikata, da kuma wacce za a iya ɗaukowa daga wata ƙasa a kai wata ba tare da an yi ɓarna ba. Kuma ɗaya daga cikin rassan jinsin arewa da abin ya fi shafa, duk faɗin duniya babu inda ya rage sai Jamhuriyar Nijar.

Sai an fara fahimtar abin da masana ke nufi da jinsi. Makiyayi ya san Bunaji fari, ya san Rahaji ja mai dogon ƙaho, ya san Bokoloji mai gajeren ƙaho. Kamanninsu sun sha bamban, amma idan bijimin wannan ya barbari saniyar wancan za a sami maraƙi lafiyayye, shi ma ya girma ya haihu. Duk jinsi ɗaya ne ke nan, iri ne kawai ya bambanta. Doki da jaki kuwa in sun haɗu ana samun alfadari, amma alfadari kusan ba ya taɓa haihuwa. Doki yana da ƙunshin gado 64 a kowace ƙwayar jikinsa, jaki yana da 62, alfadari ya tashi da 63, waɗanda ba sa jeruwa biyu-biyu yadda ake bukata kafin a samar da ƙwan haihuwa. Doki da jaki jinsi biyu ne. Wannan ma'auni shi masanin halittu Ernst Mayr ya yi fice da shi tun 1942: jinsi shi ne rukunin dabbobin da ke hayayyafa a tsakaninsu a daji, ba sa cuɗanya da wani rukuni.

Raƙumin dawa ya faɗo a tsakiyar waɗannan misalai biyu. A gidajen namun daji na Turai da Amurka an sha haɗa na wannan yanki da na wancan a shinge ɗaya, su haihu, 'ya'yan su ma su haihu. Ta wannan fuska kamar shanu suke. Amma a daji, a ƙasar Kenya inda iri uku ke zaune kusa da juna, da wuya ƙwarai a ga sun cuɗanya. Ta wannan fuska kuma kamar jinsi daban-daban suke. Shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya ba dabbar sunan kimiyya a 1758. Daga baya, a zamanin da Turawa ke kutsawa cikin Afirka, mafarauta da jami'an mulkin mallaka suka riƙa aika fatu da ƙoƙon kai zuwa Landan da Paris da Berlin, kowane sabon zane aka gani sai a raɗa masa suna. A 1898 Oldfield Thomas na gidan tarihin halittu da ke Landan ya siffanta raƙumin dawan Afirka ta Yamma, ya sa masa suna peralta, kuma ƙasusuwan da ya yi aiki da su daga kusa da Lakwaja aka samo su, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Wato dabbar da a yau ba ta da ko garke ɗaya a Najeriya, da samfurin Najeriya kimiyya ta fara saninta. Zuwa 1971, bayan rubuce-rubucen Anne Innis Dagg, 'yar ƙasar Kanada da ta fara bin raƙuman dawa a dajin Afirka ta Kudu tun 1956, ra'ayin da ya zauna shi ne jinsi ɗaya mai rassa tara. Hujjojin kuwa launin fata ne, da siffar kai, da wurin zama. Matsalar ita ce zanen fata ba abin dogaro ba ne. Kowane raƙumin dawa da irin nasa zanen, ba a samun biyu iri ɗaya, kuma maza da yawa suna ƙara duhu in sun manyanta. Kama da wane ba wane ba ne, haka kuma rashin kama ba ya raba 'yan'uwa.

Rubutun da ke cikin jiki

Abin da ya sauya lissafin shi ne iya karanta DNA, wato rubutun gado. A cikin kowace ƙwayar jikin dabba akwai wani dogon rubutu da aka yi da haruffa huɗu kacal, kuma na raƙumin dawa ya haura haruffa biliyan 2. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Duk lokacin da za a miƙa shi ga ɗa sai an kwafe shi, kuma a wajen kwafi akan sami 'yan kurakurai kaɗan, harafi ya canza ko ya faɗi. Yawancin waɗannan sauye-sauye ba sa amfani ba sa cutarwa, sai dai su zauna a gada.

Wanda ya san yadda malamanmu na da ke kwafar littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami da hannu zai gane abin nan take. Idan magatakarda a Katsina ya tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga takardarsa zai tsallake ta, har almajiran almajiransa. Wani kuma a Zazzau ya yi nasa kuskuren daban. Bayan shekaru ɗari biyu, mai nazari zai tara kwafi hamsin, ya duba kurakuran, ya ce waɗannan daga tushe ɗaya suka fito, waɗancan daga wani, kuma yawan bambancin zai nuna masa daɗewar rabuwarsu. In ya ga kwafin da ke ɗauke da kuskuren Katsina da na Zazzau a tare, ya san wani ya taɓa haɗa takardun biyu. Aikin masana ƙwayoyin gado ke nan, sai dai su da na'ura da kwamfuta suke yi.

Rubutun iri biyu ne. Akwai ƙarami da ke cikin wani sashe na ƙwayar jiki mai suna mitokondiriya, haruffansa kimanin 16,000, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Yana da sauƙin karantawa, shi ya sa aka fara da shi, amma labarin dangin uwa kawai yake bayarwa. Sai babban kundin da ke tsakiyar ƙwayar, wanda ya haɗa gadon uwa da uba, shi ne mai cikakken labari, shi ne kuma mai tsada. Samun samfuri ba ya bukatar kashe dabba ko ma kayar da ita. Ana harba wata 'yar kibiya ta musamman da ke tsinko guntun fata ɗan mitsitsi ta faɗo ƙasa, raƙumin dawan ya zabura ya yi gaba, mai bincike ya je ya ɗauka.

A 2007 bincike biyu suka fito da suka girgiza tsohon lissafi. Na farko, wanda David Brown da abokan aikinsa suka yi daga wata jami'a a Kalifoniya, ya nuna aƙalla zuriya shida da suka daɗe ba su cuɗanya ba. Na biyu ya fi shafar mu. Alexandre Hassanin na gidan tarihin halittu da ke Paris ya gwada gadon uwa na raƙuman dawan da ke gidajen namun daji na Faransa, waɗanda shekara da shekaru ake rubuta musu peralta a allo, ana ganin su ne ajiyar Afirka ta Yamma in na daji sun ƙare. Gwaji ya nuna ba su ba ne. Reshen Kordofan ne, irin wanda ke Cadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Har na gandun dajin Waza a arewacin Kamaru, da aka daɗe ana lissafa su da na Yamma, su ma Kordofan ne. Ma'anar wannan ita ce peralta na gaskiya bai rage ko'ina ba sai garke ɗaya a yankin Koure, kudu maso gabashin Yamai, kuma babu ajiyarsa a wani gidan namun daji. Da annoba ko fari ya share wannan garke, shi ke nan. A shekarar da ta biyo baya, 2008, IUCN ta sa reshen cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. A ganina wannan shi ne misali mafi ƙarfi na amfanin irin wannan bincike: dabbar ba ta canza ba, adadinta bai canza ba, amma duniya ta gane cewa madogarar da take tsammanin tana da ita babu ita.

Binciken na Paris ya zo da wani abin mamaki. Ta wajen gadon uwa, na Nijar sun fi kusa da reshen Nubiya na can Habasha da Sudan ta Kudu da Yuganda, fiye da maƙwabtansu na Kordofan da ke nan Cadi. Bayanin da masanan suka kawo shi ne kakannin peralta sun bi ta arewa ne, ta cikin Sahara a zamanin da take da ciyawa da tafkuna, sannan suka gangaro kudu da hamada ta bushe. A lokacin Tafkin Cadi ba wannan da muka sani ba ne. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma mai yiwuwa shi ya tsaya tsakanin rassan biyu. Shaidar cewa raƙuman dawa sun yi kiwo a Sahara tana nan a kan dutse. A Dabous, arewa da Agadas, akwai sassaƙen raƙuman dawa biyu, babban ya haura mita 5, da mutanen da suka zauna a wurin dubban shekaru da suka wuce suka yi, har da zanen fatar ɗaya bayan ɗaya.

Daga shida zuwa huɗu, da waɗanda suka ce a'a

Lissafin huɗu ya fito ne a watan Satumban 2016. Julian Fennessy na Gidauniyar Kare Raƙumin Dawa da ke Namibiya yana da wata damuwa ta aiki: an sha kwashe raƙuman dawa daga wannan gandun daji zuwa wancan, shin ba a cakuɗa waɗanda bai kamata ba? Ya kai tambayar ga Axel Janke na cibiyar Senckenberg da ke Frankfurt a Jamus. Suka tara samfuri daga raƙuman dawa 190 na sassan nahiyar, suka duba gadon uwa da wurare bakwai a babban kundi. Sakamakon ya kasu gida huɗu a fili. Wasu tsofaffin rassa ma suka narke cikin wasu, misali na Rothschild da ake ji da shi a Yuganda da Kenya ya zama Nubiya ne kawai.

Ba kowa ya yarda ba, kuma masu jayayyar ba jahilai ba ne. A 2017 Fred Bercovitch da wasu masana suka rubuta martani cewa wurare bakwai sun yi kaɗan, kuma bambancin rubutu shi kaɗai bai isa ya zama hujjar jinsi ba, tunda ko garuruwa biyu na dabba ɗaya in sun daɗe a rabe za a ga bambanci. A 2020 Hassanin da abokiyar aikinsa Alice Petzold suka sake lissafi suka ce uku ne, domin a wurinsu mai zanen raga da na arewa abu ɗaya ne. A 2021 Raphael Coimbra da tawagar Frankfurt suka dawo da cikakken kundin raƙuman dawa 50, ba wurare bakwai ba, suka sake samun gida huɗu da rassa bakwai, suka kuma ƙiyasta cewa rabuwar ta faru tsakanin shekaru 230,000 zuwa 370,000 da suka wuce. Sai a 2024 Laura Bertola da abokan aikinta suka karanta kundin wasu 90 daga wurare 29, suka tabbatar da manyan zuriya huɗun, amma suka nuna cewa a can baya an yi cuɗanya mai yawa a tsakaninsu. Mai zanen raga ma, a bincikensu, asalinsa gauraye ne na zuriyar arewa da wata zuriyar kudanci. A ƙarshen shekarar kuma Nikolaos Kargopoulos ya fitar da sakamakon auna ƙoƙon kai 515 da aka ɗauki hotonsu ta kowace fuska a gidajen tarihi da gandayen daji. Ƙashi ya goyi bayan DNA. Bayan ƙahonin nan biyu da fata ta rufe, akwai wani tudun ƙashi a tsakiyar goshi, wanda yake da tsawo sosai a mazan arewa da masu zanen raga, amma ƙanƙane ne a na Masai da na kudu. Waɗannan hujjoji uku, rubutun gado da ƙashi da taswirar wurin zama, su kwamitin IUCN ya haɗa ya yanke hukunci.

Ni dai na gamsu da hukuncin, amma ba don ina ganin akwai wani layi da aka ja a daji wanda masana suka gano ba. Rabuwar jinsi abu ne da ke faruwa a hankali cikin dubban ɗaruruwan shekaru, kuma raƙuman dawa suna tsakiyar hanya: sun rabu har kowane ya kama tafarkinsa, ba su rabu har haihuwa ta gagara ba. Duk sunan da aka sa wa irin wannan hali, akwai hukuncin ɗan Adam a ciki. Tambayar da ta dace ita ce wane lissafi ne ya fi kusa da abin da ke faruwa a daji, kuma huɗu ya fi ɗaya kusa nesa ba kusa ba.

Me ya raba su tun farko? Raƙumin dawa ba ya son tsallaka babban kogi, ba ya shiga kurmi mai duhu, ba ya hawan gangare mai tsauri. Kogin Nilu da Kogin Tana da Babban Kwarin Gabashin Afirka duk sun zama iyakoki. Yanayin duniya kuma ya sha juyawa, wani zamani kurmi ya faɗaɗa ya datse filayen kiwo, wani zamani hamada ta yi hakan. Garken da aka datse shi kaɗai sai ya ci gaba da tara nasa sauye-sauyen, waɗanda suka dace da wurin su yaɗu, wasu kuma su yaɗu bisa katari kawai. Akwai kuma wani bincike na 2013 da ya lura cewa iyakokin iri ukun da ke Gabashin Afirka sun yi daidai da bambancin lokacin damina a yankunansu. Idan kowane iri ya saba haihuwa a lokacin da ganye ke tohowa a yankinsa, to lokacin barbararsu ma zai saɓa, ko da babu kogi a tsakani.

Ba raƙumin dawa kaɗai abin ya shafa ba. A 2021 IUCN ta raba giwar Afirka biyu, ta kurmi da ta sarari, nan take ta kurmi ta faɗa rukunin mafi haɗari. A 2011 Evon Hekkala ta nuna cewa kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban da kadan Nilu. Zakunan da suka rage a Yankari da Kainji kuwa, gwaji ya nuna sun fi kusa da na dajin Gir a Indiya fiye da na Tanzaniya. Sau da yawa dabbar Afirka ta Yamma ce ke fitowa daban, kuma ita ce mafi ƙarancin adadi.

A nan ne lissafi ke da amfani. A watan Disambar 2016 IUCN ta ce raƙuman dawa sun ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a shekaru talatin, daga sama da 150,000 a 1985 zuwa ƙasa da 100,000 a 2015. Ƙididdigar gidauniyar Namibiya ta 2025 ta kai kimanin 140,000, wani ɓangare don an ƙaru, wani ɓangare don an ƙware wajen ƙirga. Wanda ya ji wannan jimla zai ce alhamdulillahi. Amma a rarraba ta: na kudu wajen 69,000, na Masai wajen 44,000, mai zanen raga wajen 21,000, na arewa kuwa wajen 7,000 kacal. Kuma waɗannan 7,000 sun warwatse ne a ƙananan garkuna daga Nijar zuwa Habasha, da yawa a yankunan da ake fama da rikici. Tun 2018 an sa rassan Kordofan da Nubiya a rukunin da ke dab da ƙarewa. Muddin ana cewa jinsi ɗaya ne, yawan na Namibiya da Botswana da Afirka ta Kudu yana rufe halin da na arewa ke ciki.

Garken Koure

A farkon ƙarni na 20 peralta yana yawo daga Senegal da Muritaniya, ta Mali, har Nijar da Najeriya. Bindiga, da saran daji, da faɗaɗa gonaki, da farin shekarun 1970 da na 1980 suka cinye su ƙasa bayan ƙasa. A 1996, shekarar da wani yunƙurin kama wasu don a yi kyautarsu ga shugabannin ƙasashe maƙwabta ya yi sanadin mutuwar da dama, aka ƙirga 49. Su ke nan a duniya.

Inda suka rage, yankin Koure mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai, ba gandun daji ba ne mai shinge. Ƙasar noma ce ta Zabarmawa da makiyaya Fulani. Da damina raƙuman dawan suna hawa tuddai inda daji ke tsirowa layi-layi, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso inda gawo ke da ganye a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Suna ratsa gonakin gero, suna cin wake da mangwaron mutane, kuma manomin da aka cinye wa wake yana da haƙƙin ya ji haushi. Gwamnatin Nijar ta hana farautarsu da gaske, ƙungiyoyi suka shigo da rijiyoyi da ƙananan rance da aikin rakiyar baƙi don mutanen yankin su ga amfanin zama da dabbar. Babu zaki a wurin, saboda haka 'ya'yan da ake haifa yawanci suna rayuwa. Duk da cewa mace tana ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa ɗaya, garken ya riƙa ƙaruwa har ya haura 600. Ana ƙirga su ne ɗaya-ɗaya ta hanyar hoton zanen jikinsu. A 2018 IUCN ta sassauta matsayinsu zuwa rukunin da bai kai na da haɗari ba. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ta talakawan Koure ce kafin ta zama ta kowa.

Sai dai adadi yana dawowa, yalwar gado ba ta dawowa da sauri haka. Duk 600 ɗin nan jikokin 49 ne, kuma ba duka 49 ɗin suka haihu ba, domin a cikinsu akwai tsofaffi, akwai kuma mazan da ba su sami mata ba. Duk wani nau'in gado da ba ya jikin waɗanda suka haihu ya tafi ke nan. Haɗarin da ke cikin wannan mun san shi ta hanyar sikila: mai AS lafiyarsa lau, amma in AS ya auri AS ana iya haifar SS. Kowace dabba tana ɗauke da irin waɗannan ɓoyayyun lahani, kuma idan garke duk dangi ne na kusa, damar haɗuwar biyu iri ɗaya tana ƙaruwa. Sannan idan sabuwar cuta ta zo, garken da gadonsa ya yi kama da juna yana iya rasa masu jure mata. A 2022 Coimbra da abokan aikinsa suka duba wannan kai tsaye, da cikakken kundin raƙuman dawan arewa 26. Suka tarar yalwar gadon peralta matsakaiciya ce, ba ta lalace kamar yadda aka ji tsoro ba, amma alamun barbara tsakanin dangi na kusa sun fi yawa a cikinsu, su da na gandun Garamba a Kwango. Suka kuma ga cewa raguwar ta fara a hankali tun shekaru 10,000 da suka wuce, kafin bindiga ta zo ta ƙarasa.

Akwai maganin da aka gwada a wani wuri. A jihar Florida ta Amurka, wata babbar kyanwar daji da ake kira puma ta ragu zuwa 20 ko 30, ta fara nuna ciwon zuciya da raunin haihuwa. A 1995 aka kawo mata takwas daga Texas, aka sami sabon jini, garken ya farfaɗo. Za a iya yi wa peralta haka da na Kordofan daga gandun Zakouma na Cadi, tunda jinsinsu ɗaya. Amma yin hakan zai narkar da reshen da ya yi dubban shekaru yana tafiya shi kaɗai, kuma ba a iya warware shi in an yi. Tunda garken yana hayayyafa lafiya, ban ga dalilin gaggawa ba. Abin da ake bukata shi ne a riƙa gwaji a kai a kai, don in ranar ta zo a yanke shawara da hujja a hannu.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne zamansu wuri ɗaya. Ana saran dajin tuddan ana kai itacen girki Yamai, babbar hanyar Dosso ta ratsa yankin da manyan motoci, ga kuma rashin tsaro. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Koure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da mai rakiya, kuma baƙin da kuɗinsu ke taimakon ƙauyukan suka ɗauke ƙafa. Saboda irin wannan tsoro ne tun a watan Nuwamban 2018 aka ɗauki raƙuman dawa takwas a mota, tafiyar sama da kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi, inda rabon da a ga irinsu kusan shekara hamsin. A 2022 aka ƙara huɗu, kuma an fara samun haihuwa a can. Mataki ne mai kyau, sai dai garken da aka kafa da goma sha biyu daga cikin jikokin 49 ya fi na asali ƙuncin gado, don haka sai an ci gaba da kai sababbi, kuma gwaji ne zai nuna waɗanda suka fi nisa da juna a dangantaka.

Najeriya ma tana da abin lura a nan. A 2006 ƙasar Namibiya ta ba jihar Bauchi kyautar namun daji, ciki har da raƙuman dawa, aka ajiye su a dajin Sumu. Kyauta ce mai kyau, yara suna zuwa suna gani. Amma raƙuman dawan Namibiya jinsin kudu ne, ba irin wanda ya taɓa kiwo a Lakwaja ko Borno ba. Duk ranar da aka yi niyyar maido da raƙumin dawa dazukan arewacin Najeriya, daga Nijar ya kamata a nemo na yamma, daga Kamaru ko Cadi na yankin tafki, kuma kada a haɗa su shinge ɗaya da na Sumu.

Abin da ya fi damuna a duk wannan tarihi shi ne inda ake yin aikin. Fatar daga Koure da Zakouma take fitowa, karatun kuwa a Frankfurt da Paris da Copenhagen. Kuɗin karanta cikakken kundin gado ya faɗi ƙwarai a shekaru ashirin da suka wuce, kuma an ga a lokacin korona cewa ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun ya iya karanta gadon ƙwayoyin cuta a cikin gida. Na'urar da ta karanta ƙwayar cuta, irinta ce ke karanta guntun fatar dabba. Garken Koure da na Gadabeji za su bukaci a riƙa bibiyar gadonsu shekara da shekaru masu zuwa, haka zakunan Yankari da giwayenta, kuma wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na Maraɗi da Zariya da Bauchi za su iya ɗauka in an ba su kayan aiki da horo. IUCN kuma yanzu sai ta sake auna matsayin kowane jinsi cikin huɗun shi kaɗai, kuma alƙaluman da za ta dogara da su game da na arewa daga waɗannan garkunan za su fito.